Inna Za Ta Makka, Mun Rabu Uku Kan Layin Wayarta

Assalamu alaikum Hajiya. Ni malamar makaranta ce a nan Damagaram. Allah ya kira mahaifiyarmu aikin hajjin bana, yayanmu ne ya biya mata kujera. Muna cikin murna, amma maganar waya ta hana mu zaman lafiya. Inna tana da ƴar ƙaramar waya mai tocila da pis ɗaya, wato katin layin waya, da ta riƙe sama da shekara 10, da shi masu biki ke kiranta su sa a yi musu alkaki. Ta ce ko da wasa ba za ta rabu da lambarta ba. Yaya ya ce a zuba mata kredin jaka 50 a buɗe mata romin, wato layinta na gida ya yi aiki a can, magana ta ƙare. Ni kuwa na yi tari na saya mata babbar waya, ina so idan ta sauka ta sayi pis ɗin Saudiyya mu riƙa magana ta WhatsApp. Ga ɗan kawunmu da ke zaune Jidda, shi kuma ya ce kada a sayi komai, yana da layin da ba ya amfani da shi, zai ba ta. Bara gwaggonmu ta je, kredinta ya ƙare kwana biyu da sauka, muka yi kwana 9 ba mu ji duriyarta ba. Inna tana da hawan jini, kuma ba ta karatun boko. Da na kawo wannan a gaban iyali, sai Yaya ya ce na cika iyayi, wanda ya biya kujera ba zai kasa biyan kredi ba. Tun ranar daga gaisuwa ba abin da ke haɗa mu. Inna ta mayar mini da wayar cikin kwalinta, ta ce ba ta son abin da zai haɗa ƴaƴanta faɗa. Saura mako 5 su tashi, ƙanwarmu ce za ta ci gaba da alkakin. Yaya zan yi?

Wata ƴar'uwa daga Damagaram

Wa alaikumus salam ɗiyata. Kafin komai, barka da arziki. Allah ya kai Inna lafiya, ya karɓi ibada, ya dawo mana da ita Hajiya, ya kuma saka wa yayanku da ya ɗauki wannan nauyi. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma inda na fi daɗewa shi ne wajen wayar da aka mayar miki cikin kwalinta. Na san abin ya yi miki ciwo. Albashin malamar makaranta ba ya sayen babbar waya sai an matse ciki wata da watanni. Amma ki sake jin abin da ta faɗa. Ba ta kushe wayar ba, faɗan ne ba ta so. Ranar da kika shirya da Yaya, wayar nan da kanta za ta fito daga kwali.

A maganar kuɗi kin fi Yaya gaskiya, kuma zan ba ki dalilin yadda za ki iya maimaita masa. Pis ɗin Inna ɗan Nijar ne. Idan ya sauka Saudiyya ba shi da rezon kansa, dole ya raɓa da na wani kamfanin can, kamar baƙon da ya sauka a otel, ruwan sha ma sai an rubuta masa. Idan ta kira gida an caje ta da tsada, wannan kowa ya sani. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne ko ita aka kira, ita ma ana cirar mata. Mai kira daga Zango ko Birni kuɗin kiran cikin gida zai biya kamar kullum, tunda lambar Nijar ya buga. Ɗaukar muryarsa daga nan a tsallake da ita Bahar Maliya kuwa, a wuyan kredin Inna yake. To ki tuna halinmu. Ranar da labari ya bazu cewa ta sauka, maƙwabta, ƴan adashi, surukai, kowa sai ya kira ya ce a sa shi a addu'a gaban Ka'aba, kuma gaisuwarmu ba ta minti ɗaya ba ce, sai an tambayi gajiya, an tambayi zafin rana, an tambayi abinci. Inna ba za ta katse wa kowa ba. Ina kyautata zaton hanyar da kredin gwaggonku ya bi ke nan.

Idan kuma aka sa pis ɗin gida a babbar waya aka manta da intanet ɗinsa a buɗe, abin ya fi haka muni. Ni ganau ce. Shekarar da na je, da dare muka sauka Madina, na kunna waya don in shaida wa maigida mun iso. Kafin motarmu ta kai masauki saƙo ya shigo cewa kredina ya ƙare, alhali ko kira ɗaya ban yi ba. Ashe wayar tana can cikin jaka tana sauke mini bidiyoyin wani biki da aka zuba a gurup ɗin dangi, ana lissafa mini kowane mega da farashin baƙunta. Bikin ma ba na wanda na sani ba ne.

Kada ki tsaya kan maganata kaɗai. Kowane kamfani da farashinsa, ko Airtel ne, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecoms, kuma farashin kan canja. A je ofishin kamfanin da Inna ke amfani da layinsa a tambayi abu huɗu game da Saudiyya: nawa ne minti idan ita ta kira Nijar, nawa ne minti idan ita aka kira, nawa ne saƙon rubutu, nawa ne mega ɗaya. A rubuto a takarda. A raba jaka 50 da kuɗin mintin, a ga minti nawa ya fito, sannan a raba shi da kwanakin tafiya, waɗanda kan haura wata guda. Kuma da so samu ne, Yaya ne zai je ya yi tambayar nan da bakinsa. Lissafin da mutum ya yi da hannunsa ba ya musu da shi.

Sai dai shi ma Yaya ba shirme ya faɗa ba. Hanyarsa tana da abu biyu da taki ba ta da su. Tana sauka daga jirgi wayarta za ta kama, ba sai ta nemi shago ba, kuma waya ce da yatsunta suka sani, ko cikin duhu ta san inda koren maɓalli yake. Ga tsohuwar da ba ta taɓa shiga jirgi ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sannan ki duba inda yake tsaye. Mutum ya fitar da miliyoyin sefa ya biya wa uwarsa kujera, abin da ɗa ke mafarkin yi tun yana yaro, sai ga ƙanwarsa a gaban iyali, wataƙila har da matarsa a zaune, tana nuna masa bai san kan tafiyar ba. Kalmar iyayi da ya jefe ki da ita ba ta dace ba, ban wanke shi ba. Amma kunya ce ta fito da ita, kuma wurin da kika zaɓa ya taimaka.

Ita kuma Inna, lambar nan shagonta ce. Ba ta da allo a bakin titi, ba ta da rumfa a kasuwar Dole, lambobi 8 ɗin nan su ne ƙofar da masu biki ke ƙwanƙwasawa shekara 10. Da kika ce ta sayi wani pis, abin da kunnenta ya ji shi ne ta rufe shago ta yar da makulli. Ga albishir ɗin da za ki kai mata: WhatsApp ba ya bin pis ɗin da ke cikin waya, lambar da aka buɗe shi da ita yake bi. Idan kika buɗe mata shi a nan Damagaram da lambarta ta kullum, to ko an cire pis ɗin, ko an sa na Saudiyya, duk wanda ya neme ta a WhatsApp da tsohuwar lambarta zai same ta. Pis ɗin can intanet kawai zai riƙa ba ta. A nan za ki buɗe tun kafin tafiya, domin lambobin tabbatarwa guda 6 ta saƙo suke zuwa kan layin gida. Ki sa masa lambar sirri ta mataki biyu, ki rubuta ki ajiye. Kuma ki ja kunnenta: duk wanda ya taimaka mata a can, kada ya taɓa wajen canja lamba.

Daga nan sai tambayar inda pis ɗin gida zai kwana. Ni da a ce ni ce, a gida zan bar shi, cikin ƴar wayar tocilan, a hannun ƙanwarku mai tuyar alkaki. Masu biki su kira a ɗauka, ciniki ya ci gaba, ba a cirar ko dala. Masu neman addu'a a ce musu su aika saƙon murya ta WhatsApp, wanda muke ce wa vokal, Inna ta saurara lokacin da ta huta. Ko da WhatsApp ɗinta ya fita a can, lambobin tabbatarwar wajen ƙanwarku za su zo, ta kira ta karanta mata. Sharaɗi ɗaya ne, kuma ki faɗe shi da babbar murya: kada kowa a gida ya buɗe WhatsApp da wannan lamba a wata waya, domin yana buɗewa na Inna zai mutu a Makka. Idan akwai kuɗi a asusun layin, a kwashe ko a yi lissafinsu a gabanta tun yanzu, don kada alkaki ya haifar da wata sabuwar magana.

Dabarar Yaya kuwa ga gurbinta. Yawancin wayoyin da muke saye, irin su Tecno da Itel da Infinix, gidan pis biyu gare su. A sa wani layin gida na daban a gida ɗaya, wanda ku ƴaƴanta kaɗai kuka san lambarsa, a tabbatar romin ɗinsa a buɗe yake, a kashe masa intanet, a zuba masa kredi daidai misali. Aikinsa ranar sauka ne da ranar gaggawa. Ɗayan gidan a bar shi fanko yana jiran pis ɗin Saudiyya. Idan kuma Inna ta kafe cewa ƙafarta ƙafar pis ɗinta, ki bar ta. Ba a jayayya da maniyyaciya kan abin da bai fi farce ba. Ta tafi da ƙaramar wayar a kashe cikin jaka, ta kunna ta idan buƙata ta kama. Za a rasa ƴan kwastomomi na wata guda, za su dawo. Akwai kuma abin da ake kira eSIM, layin da ake saukewa ta intanet ba tare da kati ba, amma sai manyan wayoyi irin iPhone da wasu Samsung ke ɗaukarsa, don haka ki cire shi a lissafi.

Ɗan kawunku na Jidda a yi masa godiya, zumunci ya yi. Amma kada a dogara da layinsa. A Saudiyya ba a ba da pis sai da shaidar mutum da hoton yatsarsa, layi yana kan sunan wanda ya dangwala. Idan aka rufe shi ko ya ɓace, Inna ba ta da bakin zuwa ofis ta ce nata ne. Layin da aka daɗe ba a taɓa ba ma wa ya tabbatar yana raye? Sannan ina za su haɗu? Idan Madina jirginsu ya sauka, tsakaninta da Jidda ya haura kilomita 400. Makka ta fi kusa, wajen kilomita 80, amma a lokacin hajji ba a barin mutum ya shiga garin sai da takardar izini, ko da mazaunin ƙasar ne. Kada a jefa yaron mutane cikin matsala saboda katin waya. Ga inda zai yi amfani ƙwarai: da zarar Inna ta sami lambarta ta can, a tura masa. Daga inda yake zai iya zuba mata kredi, kuma kira tsakaninsu kiran cikin gida ne, ga shi yana jin Larabci idan ana buƙatar mai yi wa wani bayani.

Sayen pis ɗin ba shi da wuya idan an shirya. Manyan kamfanonin can uku ne, STC da Mobily da Zain, kuma dukkansu suna da forfe, wato ƙunshin mega da mintoci na ƙayyadadden lokaci, na baƙi da mahajjata, suna da kantuna a filayen jirgin Jidda da Madina da kuma kewayen Harami. Ana buƙatar fasfo da biza, wani lokaci da lambar shiga ƙasa da ake ba mutum wajen jami'an shige da fice. Sau da yawa a aikin hajji masu kula da mahajjata kan karɓi fasfo su ajiye, don haka ki yi mata fotokofi na fasfon da bizar ta riƙe a jikinta, ki kuma ɗauki hotonsu a wayar. Ki tambayi ajans ɗin, wato kamfanin tafiya hajji, da Yaya ya biya ta hannunsu tun yanzu: suna raba pis ne, ko jagoran ayari zai raka su su saya, kuma a wace rana? Kada ta sayi layin da wani ke tallansa a bakin hanya an riga an kunna, wannan ma sunan wani ne a kansa. Ga wata ƴar magana ta mata: na san za a so a yi mata ƙunshi na ban kwana. A yi a ƙafa da bayan hannu, a bar kan yatsu. Lalle mai duhu kan ba na'urar ɗaukar yatsa wahala, balle yatsun da suka shekara suna murza alkaki, kuma tun a filin jirgi za a nemi yatsun nan.

Akwai wani rami da mu ƴan Nijar muke yawan faɗawa. Wasu forfe suna zuwa da mintocin kiran ƙasashen waje, amma ƙasashen a lissafe suke, ba duka ba. Mai shago ya ji Hausa, ko ya ji an ce Nijar, sai ya ɗauka Nijeriya, ya ce akwai. A Larabci sunayen biyu kusan tagwaye ne, Annaijar da Naijiriya. Mutum ya biya, ya fito ya buga gida, a ce ba shi da kredi. Ki rubuta mata 227 da manyan lambobi a takarda, ta nuna masa, ya duba jerin da idonsa. Idan babu Nijar a ciki, kada ta biya kuɗin mintocin da ba za ta ci ba, ta ɗauki mai intanet da mintocin cikin gida, waɗanda da su za ta kira jagora da abokan ɗaki. Duk lambobin da za ki adana mata ki fara su da +227. Ku kuma idan za ku kira layinta na can, +966 za ku sa, ku yar da sifilin farko na 05. Ita ba a cirar mata komai idan an kira ta a wannan layi, amma ku za ku ji a jikinku, don haka a bar shi sai ta kama.

Ki kuma rage buri kan kiran WhatsApp. Shekaru da dama kiransa na murya da na bidiyo bai cika shiga ba a layukan Saudiyya, ko da yake rubutu da hoto da vokal suna tafiya lafiya lau. Shi ya sa mazauna can da yawa suke kira da imo. Ki sa mata shi ma, ki sa a wayarki da ta Yaya, ku gwada tun a gida. Amma ginshiƙin maganarku ya zama vokal. Ba ya cin mega sosai, yana jiran rezo ya dawo ya wuce da kansa, kuma ba ya buƙatar karatu. Abin da ke shanye mega bidiyo ne. Ki shiga saitin WhatsApp ki kashe saukar da hotuna da bidiyo kai tsaye, kuma kada a zuba ta a gurup goma. Ɗaya ya isa, na ƴaƴanta. Intanet ɗin otel akwai shi, sai dai bayan isha idan kowa ya dawo daga Harami ya hau kai, tafiyar hawainiya yake yi, kuma ba zai bi ta Mina ba.

Wajen zaɓen forfe, ranar mutuwarsa ta fi yawan megansa muhimmanci. Na baƙi akwai na mako biyu, akwai na kusan wata, kuma daga ranar da aka kunna ake fara ƙirga. Ki ɗauki kalanda ki lissafa. Kwanakin da ba a so layi ya mutu su ne daga 8 ga Zulhajji zuwa 12 ko 13, lokacin Mina da Arfa da Muzdalifa da jifa. A nan ne mutum ya fi ɓacewa, a nan ne kuma neman shagon waya ya fi wuya. Idan lissafi ya nuna zai ƙare a tsakiyar kwanakin nan, a sabunta tun ranar 5 ko 6 ga wata. Wannan aikin ɗan kawunku ne, ke kuma ki zama mai tuna masa. Game da kuɗi, riyal ɗaya wajen dala talatin ne a kuɗinmu, wato jakar Yaya 50 ta haura riyal 300. A ganina wannan zai ɗauki pis da forfe da sabuntawa ba tare da an ƙuntata ba.

Duk wannan shiri banza ne idan Inna ba ta iya wayar ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Mako 5 ya isa idan an fara gobe. Abu uku kawai za ta koya: ɗaukar kira, danne alamar makirfo ta yi magana ta saki, da sa caji. Ki share duk wani tarkace daga fuskar wayar, ki bar WhatsApp da imo da wajen kira. Ki sa hoton kowane ɗa a kan lambarsa, fuska za ta nema, ba suna ba. Ki cire makullin zane, ko ki sa mai sauƙi ƙwarai. Kuma, ki yi haƙuri da ni, kada ke ki koya mata. Malamai ba su da haƙuri da iyayensu, kuma uwa ba ta son ɗiyarta ta ga ta kasa. Ki haɗa ta da jika ɗan shekara 10, za su yi ta dariya tare har ta iya. Kullum da safe ta aiko miki vokal daga ɗakinta, ko da kina tsakar gida. Babbar wayar tana da wani amfanin da zai ja ra'ayinta: izinin shiga Rauda a masallacin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ta manhajar Nusuk ake neman sa, jagora zai taimaka mata. Ki gaya mata wannan, ki ga yadda za ta kalli kwalin.

Kada ki manta da wuta. Soket ɗin Saudiyya mai baki uku ne masu faɗi, cajarmu mai ƙafa biyu zagayayyu ba ta zama daidai sai da mahaɗi, ki saya mata biyu. Ɗaki ɗaya mata huɗu ko biyar, soket ɗaya ko biyu, wadda ta zo da ralonj, wato igiyar wuta mai bakin soket da yawa, ita ce sarauniyar ɗakin. Batirin ajiya na caji ya zama a jakar hannu, ba a yarda a sa shi cikin kayan awo ba, kuma a cika shi kafin fita Mina. Wayar ta rataya a wuya cikin ƴar jaka, ƙarƙashin hijabi.

Yanzu kwana 9 ɗin nan da suka tsaya miki a rai. Maganinsu bai ƙare a wayar Inna ba, domin waya tana faɗuwa, tana mutuwa, ana mantawa da ita a banɗaki. Kafin su tashi ki karɓi lambar jagoran ayarinsu, da ta mace ɗaya ko biyu masu ƙuruciya cikin abokan tafiya. Ki je har gida ki gaishe su, ki damƙa musu amanar Inna da bakinki, ki gaya musu maganin hawan jininta da lokacin shansa. Ki rubuta kati da sunanta, da sunan maganin, da lambarki da ta Yaya da ta ɗan kawunku, ta sa a jakar wuya. Idan sun isa a ƙara sunan otel da Larabci. Lambar motar asibiti a can 997 ce, a rubuta ta ita ma. Sannan ku yanke lokaci guda a yini. Agogonsu yana gaban namu da awa 2, ƙarfe 2 na rana a Makka, bayan ta dawo azahar ta kishingiɗa, sha biyun rana ne a nan. Vokal ɗaya a gurup, kowa ya ji, shi ke nan. Ranar Arfa da daren Muzdalifa mutane sama da miliyan ne a fili ɗaya, rezo kan cushe, ga gajiya. Idan kin ji shiru a ranakun nan, ki jira, ki nemi jagora kafin ki tayar da hankalin gida.

A nan zan ɗan taɓa ki, ɗiyata. Cikin wasiƙarki na ji tsoro, kuma tsoron na ƙauna ne. Amma ki kula kada babbar wayar nan ta zama igiyar da za ki ɗaure ta da ita. Na ga mata a gaban Ka'aba, waya a kunne, ana ba su labarin akuyar da ta ɓace da wanda bai biya zubin adashi ba. Inna ta shekara nawa tana jiran tafiyar nan. Ku yi alkawari a gida cewa ba mai kai mata ƙara, ba mai aika mata jerin tsaraba kullum.

Yaya kuwa, ki same shi shi kaɗai, a wajen sana'arsa ko bayan magariba, ba ta waya ba. Ki fara da ba shi haƙuri kan yadda kika yi maganar a gaban mutane. Wannan kaɗai za ki nemi afuwa a kai, ba ra'ayinki ba. Ki ce masa, Yaya, abin da ya sami Gwaggo ne ya hana ni barci, ina so ka taimake ni ka bincika mana farashin nan, kai za su fi saurara. Ki nuna masa cewa layin romin ɗinsa yana cikin shirin, kuma kuɗinsa ne za su sayi na can. Idan ya amince, ku shiga wajen Inna tare, shi ya miƙa mata wayar da hannunsa. Na san ke kika saya, kuma Inna ma ta sani. Idan ya ƙi, kada ki ja. Ya zuba jakarsa 50 yadda ya so, ke kuma ki nemi izinin Inna ki sa babbar wayar cikin kayanta, ki ba abokiyar tafiyarta riyal ɗin pis a ambulan da takardar 227. Kwana uku da sauka, lissafi zai yi maganar da kika kasa yi, kuma ranar kada in ji kin ce ai na faɗa.

Ki rubuto mini idan vokal ɗin farko ya iso daga Madina. Ki ce wa Inna Hajiya na gaishe ta, ta sa ni a addu'a, amma ta vokal na aiko roƙon, ba sai ta ɗauki kira ba.